Burodi Ya Dawo Gida, Hutu Ya Tafi Bakin Teku

A ƙasar Gumel, har zuwa lokacin da muka yi wayo, burodi baƙo ne. Ba a lissafa shi cikin cefane, ba a kuma kwana da tunaninsa. Karin kumallon mutum koko ne da ƙosai, ko ɗumamen tuwon gero da miyar kuka, in rana ta take a dama fura. Burodi sai wani ya dawo daga tafiya: wanda ya raka shanu Kudu daga kasuwar Maigatari, ko malamin makaranta da aiki ya kai shi Kano, ko fasinjan da ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa, kan layin nan na Kano zuwa Nguru da aka kammala a 1930. Idan ya iso, uwargida ce ke yanka shi, a ba yara, a aika wa maƙwabta, a ajiye wa tsohuwa nata don haƙoranta ba sa son wahala.

Hutu kuwa ɗan gida ne. Da zarar kaka ta yi, an ɗaure damman gero an zuba a rumbu, an tsince wake, an kakkaɓe riɗi, sai gari ya saki jiki. Lokacin bukukuwan aure ke nan, da kalankuwa, da dambe da kokawa, da hirar dare har sanyi ya kori mutane ɗaki. Ba wanda ya taɓa jin an biya kuɗi don a huta. Ko da yake, in za a faɗi gaskiya, wannan hutun na maza ne ya fi yawa. Iyayenmu mata daka da surfe da jan guga ba su san kaka ko bazara ba, samari kuma da yawa ci-rani suke tafiya.

Yanzu abubuwan nan biyu sun yi musayar wuri. Burodi ya shigo tsakar gida, muna gasa shi da hannunmu a Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar. Hutu kuma ya bar gida, har ya zama wanda yake son sa da gaske sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 ya kama ɗaki a bakin teku.

Ita dai alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa ana noma ta kaɗan-kaɗan a fadamu lokacin hunturu, ana ba ta ruwa da jigo. Abincin alfarma ce: alkaki da finkaso da alkubus da taliya 'yar murji, abubuwan da ake yi don sallah ko garar amarya ko babban baƙo. Gurasa kuma Larabawan Tarabulus da Gadamas ne suka kawo ta Kano, suka zauna a wajen Dandalin Turawa, sana'ar ta bazu zuwa Jakara da kewayenta. A wancan zamanin duk wani abin marmari daga arewa ko gabas yake fitowa, a bayan raƙumi ko takarkari. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa ta Gumel a 1851 kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, abin da ya tarar garin ya shahara da shi shi ne cinikin kanwa, wadda ake kawowa daga wajen Borno. Ƙasarmu sahara take fuskanta a lokacin, teku kuwa labari ne.

Burodin da muka sani ta wata ƙofar ya biyo. A 1962 kamfanin Flour Mills ya fara niƙa alkamar waje a Apapa, a gindin tashar jiragen ruwa, daga baya aka kafa wani injin a Kano. Da kuɗin man fetur suka zubo a shekarun 1970, fulawa ta yi arha, gidajen burodi suka yawaita, teburin mai shayi ya tsaya a kowace tasha. Direba da ɗan dako da ɗalibin makarantar kwana duk suka koyi karyawa da shayi da burodi, mai hali ya sha kauri, marar hali ya sha ruwan bunu. Kafin yawancinmu mu taɓa ganin teku da ido, mun riga mun saba cin abin da ya ƙetaro shi kowace safiya.

Gwamnati ta taɓa yunƙurin yanke wannan igiya. A 1987 mulkin Janar Ibrahim Babangida ya haramta shigo da alkama, aka ce a noma ta a gida, a Kadawa da ruwan madatsar Tiga, da kwarin Haɗeja, da Bakalori. Manoma sun noma, wasu ma sun sami alheri, amma abin da aka girbe bai kama ƙafar abin da ake ci ba. Mutanen kan iyaka sun san inda cikon ya riƙa fitowa: fulawa ta sauka a Kwatano, ta zagayo ta Nijar, ta shigo cikin dare. A 1992 aka ɗage haramcin. Har yau Nijeriya tana sayo alkama fiye da tan miliyan 4 a shekara, abin da take nomawa kuwa bai kai kashi 10 cikin 100 na bukatarta ba.

Mu da ke bakin iyaka mun tashi da ɗanɗano biyu. Burodin Nijeriya mai laushi ne, mai zaƙi, kana iya dunƙule shi a tafin hannu. 'Yan uwanmu na Magarya da Damagaram kuwa idan sun zo suna ko biki, sukan riƙo mana dogon burodin nan da suka gada daga Faransa, mai ɓawo mai ƙarfi, ba sukari sai gishiri. Muna yara raina shi muke yi, muna cewa an manta ba a sa masa komai ba. Sai da na girma na fahimci cewa shi aka yi don a ci da abinci. A tsoma shi a romon kai, ko a tsaga cikinsa a zuba tsire da albasa, ko a dangwali miyar taushe da shi. Namu kuwa shayi kaɗai ya sani. Gurasa tana ɓangaren burodin Nijar a wannan rabon, shi ya sa take karɓar ƙuli-ƙuli da yaji da man gyaɗa ta zama bandashe, take kuma zama shimfiɗar balangu.

Ba sha'awa ce ta fara mayar da mata ga gashin burodi ba, tsada ce. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamba 2020, tare da Seme da Illela da Mfum. A tsakanin nan cutar korona ta zaunar da mutane gida. A Fabrairu 2022 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren, ƙasashen da ke cikin manyan masu sayar da alkama a duniya. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, naira ta zube, wata biyu bayan haka sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai, aka sake garƙame iyaka har Maris 2024. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa buhun fulawa da na sukari da kuɗin mota. Burodi ya yi ta ƙanƙancewa a cikin ledarsa, kuɗinsa na hawa. Magidanci mai 'ya'ya takwas ya daina iya ciyar da su shi da safe. Ga kuma ciwon suga da ya yawaita a tsakanin manya, likita yana hana su zaƙi.

Yadda nake yin nawa ba wani sirri ba ne. Fulawa kashi biyu, garin alkamar gida kashi ɗaya. Alkamar nan daga wajen Haɗeja ake kawo ta, a wanke, a shanya, a kai inji, a tankaɗe sama-sama don kada a raba ta da dusarta duka. Ita kaɗai ba ta da danƙon fulawar kamfani, burodinta yakan fito da nauyi, amma ƙamshin yana wurinta. Sai yis da gishiri da ɗan man gyaɗa da ruwa mai ɗumi. A kwaɓa, a yi ta murzawa har kwaɓin ya daina kama hannu, a rufe da kyalle mai tsabta. Daga nan kuma yanayi ne ke da iko. A watan Afrilu, lokacin da zafin Maigatari ke haura digiri 40, kafin ki gama wanke-wanke ya tashi, in kika yi sakaci ya yi tsami. A cikin hunturu kuwa sai an lallaɓa shi, a ajiye kusa da murhu ko a fitar da shi rana, a kuma kare shi daga iska don kada samansa ya bushe ya tsattsage.

Abin da ake sa masa a ciki shi ne inda kowace mace take nuna hannunta. Ni albasa nake soyawa har ta yi ja, da attaruhu kaɗan da tafarnuwa, wani lokaci da niƙaƙƙen nama, in wata ya yi nisa kuma kifin gwangwani. A shimfiɗa kwaɓin, a zuba, a naɗe, a shafa ruwan ƙwai a sama, a barbaɗa riɗi da habbatussauda. Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, gas kuma ya yi tsada, don haka yawancinmu babbar tukunya muke amfani da ita: a zuba yashi mai tsabta a gindinta, a ɗora a kan garwashi har ya ɗau zafi, a sa farantin burodin a kan yashin, a rufe, a zuba wani garwashin a kan murfi. Wutar sama ita ke ba shi launi, ta ƙasa in ta yi yawa sai ta ƙona gindi ciki bai nuna ba. Hanci ne agogo.

Surukata, wadda ta yi zaman Kano a ƙuruciyarta ta ga yadda ake manna gurasa a jikin tanderu da wutar kara, ta ɗanɗana ta jinjina kai. Ta ce, "'Yar nan, wannan ai gurasa ce ta shiga boko."

Na ce, "Inna, a ƙaro miki?"

Ta ce, "Ƙaro mana. Ai ban ce ba daɗi ba."

Ba na cikin masu kuranta abin fiye da kima. Sauƙin kuɗin ba shi da yawa idan aka haɗa gawayi da mai da lokacin da aka ɓata, kuma aikin ya sake faɗowa ne kan matan da dama can ba su da sararin kansu. Kashi biyu cikin ukun garin har yanzu a jirgin ruwa ya zo. Gawayin kuma itace ne, a yankin da tun muna yara ake dasa shingen darbejiya don tare kwararowar hamada. Abin da ya samu dai shi ne mace ta san abin da ke cikin abincin 'ya'yanta, burodin yana riƙe ciki har azahar, kuma an sami sana'ar cikin gida da ba ta bukatar babban jari. A ƙarshen 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da sabon shirin noman alkama na rani a yankin Haɗeja, Jigawa ce kan gaba a cikinsa. Idan ya ɗore, watakila kashi ɗayan nan nawa ya zama biyu. Mun dai ga irinsa a 1987.

Teku kuma, kakanninmu sun san shi, amma ba a matsayin wurin shaƙatawa ba. Waɗanda suka yi aikin hajji ta ƙasa sun ratsa Borno da Cadi da Sudan, wasu shekara da shekaru suna tafe suna aikin ƙodago, har su isa Sawakin su shiga jirgin ruwa su ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Labarin da suka dawo da shi na amai ne da addu'a da waɗanda aka binne a hanya. Bayansu sai direbobi da 'yan rakiyar shanu da suka riƙa zuwa Legas, wasunsu suka leƙa Bar Beach suka dawo suna rantsuwa cewa ruwan ba shi da ɗaya gaɓar. Wannan bakin ruwan ma yanzu babu shi, an cike shi da yashi an gina Eko Atlantic a kai. Duk waɗannan mutane wata bukata ce ta kai su, ibada ko neman abinci. Mutum ya ɗauki iyalinsa da kuɗinsa ya tafi don kawai ya zauna yana kallon ruwa, wannan da an ji shi a da, sai a fara yi masa rubutun sha.

To, mun yi. Maigidana, Alhaji, yana harkar riɗi, bayan an rufe cinikin shekara jikinsa ya nuna gajiya, likita ya ce ya rage hayaniya. A gida kuwa babu yadda za a yi hayaniya ta ragu. Wannan shi ne abin da ya canja, kuma na jima ina juya shi a raina. Rani ba lokacin zama ba ne yanzu: mai noman damina ya koma noman rani, ma'aikaci yana da shago, mai shago yana da babur ɗin haya. Waya ta sa ba a nisa da kowa. Kafin a idar da sallar asuba an kira ka kan kuɗin asibitin wani, da hantsi ɗaurin aure a Gagarawa, da la'asar ta'aziyya a Sule Tankarkar, da dare taron unguwa. Zumunci ne, kuma shi ke riƙe da mu, ranar da ta same ka su ne za su tsaya maka. Amma mutumin da ake ganin yana da ɗan abin hannu ba zai iya rufe ƙofarsa a garinsu ya ce yana hutawa ba. Sai dai ya yi nisan da za a ce ba ya gari.

Lome muka zaɓa, babban birnin Togo, saboda dalilai na mutanen kan iyaka. Ba a bukatar biza, kuma sefar da ake kashewa a can ita ce wadda 'yan canji ke riƙe da ita a kasuwar Maigatari kowace Alhamis. Daga Legas muka bi ta Seme, muka ratsa Kwatano, muka ƙetare a Hilakonji, hanya tana bin gaɓar teku da itatuwan kwakwa har cikin gari. Ga Hausawa a Zongo, ba ka rasa masallaci ko mai tsire ko wanda zai amsa maka sallama da harshenka.

Otal ɗin matsakaici ne, titi kawai ya raba shi da yashi. Abin da ya fara ba ni mamaki ƙara ce. Na ɗauka teku shiru ne da shi, ashe dare da rana raƙuman ruwa suna dukan gaɓa ba hutawa, daren farko sai da na tashi na duba ko hadari ne ya taso. Iskar tana da danshi da gishiri, mayafi ba ya bushewa, fatar da hunturu ya saba tsagawa ta yi laushi ba tare da an shafa mai ba. Ba mu shiga ruwan ba, don ma'aikatan otal sun gargaɗe mu cewa igiyarsa tana ja, ko 'yan gari ba kowa ke iyo a nan ba. Iyakarmu idon sawu. Da safe mukan zauna mu kalli masunta sun yi layi suna jan taru da igiya, suna waƙa da harshensu, aikin da ke cin sa'o'i, wani lokaci abin da ya fito bai taka kara ya karya ba. Su suna aikinsu, mu muna hutawa da kallonsu, kuma na san haka baƙo yake ji idan ya tsaya yana ɗaukar hoton masu ɗora shanu a mota a garinmu.

Na huta, ba zan ɓoye ba. Tun da aka kai ni ɗakin miji ban taɓa wayar gari ba tare da tunanin abin da za a ɗora a murhu ba sai a can. Wani ya dafa, wani ya kawo, wani ya kwashe kwanuka. Da safe dogon burodin nan mai gishiri suke kawowa da ƙwai da shayi, irin dai na 'yan uwanmu na Damagaram. Alhaji ya kashe wayarsa, ya yi barcin rana, har muka yi hirar da ba ta shafi kuɗin makaranta ko rikicin dangi ba.

Sai dai ɗan kasuwa ko a bakin teku ɗan kasuwa ne. Daga barandar ɗakin ana hango jiragen ruwa jere a nesa suna jiran shiga tasha, da dare fitilunsu kamar wani gari a kan ruwa. Tun da iyakar Nijar da Benin ta rufe bayan juyin mulkin 2023, kayan Nijar da yawa ta Lome suke sauka, su bi ta Burkina Faso. Alhaji ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, "Hajiya, kin san riɗinmu sai ya hau irin waɗannan kafin ya zama kuɗi?" Haka ne. Riɗin da ake tarawa a Maigatari, wanda har sunan garin ya zama sunan nau'insa a bakin masu fitar da shi, Japan da Sin da Turkiyya yake tafiya. Zoɓon da matanmu ke ɓarewa da hannu har yatsu su yi ja, Meziko ce babbar mai sayensa. Don wannan aka kafa yankin cinikin da babu haraji a Maigatari a shekarar 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki: a gyara kaya a nan, a ɗaure su a nan, a yi takardunsu a nan, garin da ba shi da ko kogi ya ci amfanin tashar jiragen ruwa. An yi gine-gine, ana kuma ɗan taɓa aikin riɗi da zoɓo, amma wurin bai kai inda aka yi fata ba. Yankin ciniki na kan iyaka ba ya bunƙasa idan iyakar tana rufuwa wata da watanni, sau biyu cikin shekara biyar, hanyar zuwa teku kuma tana cike da shingaye.

Da muka dawo, mutane suka yi ta zuwa sannu da zuwa, kowa da tambayarsa. Maza suna tambayar Alhaji abin da ya saro, ko mota ce ko atamfa. Mata suna jan hannuna gefe suna cewa, "Ya jikin nasa? Me likitocin can suka ce?" Duk wanda na gaya wa cewa hutawa kawai muka je yi, sai ya yi murmushin wanda ya gane ana ɓoye masa wani abu. Har yau a unguwarmu maganar da ta zauna ita ce asibiti muka je, ni kuma na daina gyarawa.

Mutum ɗaya ce ta yarda, 'yar wana, wadda ta gama sakandare tana jiran sakamako. Ita na koya wa gashin tukunya, yanzu ta fi ni, tana yin ƙananan burodi masu nama da albasa ana kai mata ƙofar makarantu da tashar mota, ranar kasuwa kuma tun asuba take hura wuta. Ta sa na nuna mata hotunan, ta tambayi kuɗin ɗaki na kwana ɗaya, da kuɗin mota daga Legas, da ko mace za ta iya zama a bakin ruwan da hijabinta ba wanda ya kalle ta. Na ce mata har masu sayar da kwakwa a wurin akwai masu hijabi.

Ta ce, "Gwaggo, ni ba zan jira sai likita ya ce ba."

Ta shiga adashi da ribar burodin, kwasarta sai bayan babbar sallah. Mahaifinta bai san da maganar ba tukuna, kuma ni aka ɗora wa nauyin gaya masa. Duk Alhamis takan aiki ƙanenta wurin 'yan canji ya tambayo mata nawa ake sayar da jakar sefa, ta rubuta a bayan littafin da take lissafin fulawa.